Sassaƙar siffar mutum a kwamfuta: hoto ko mutum a tsaye?

Tambaya: Ina koyon sassaƙa siffar mutum mai tsawo da faɗi da kauri a manhajar Blender, kuma da hotunan intanet nake aiki. Idan na dubi aikin ta gaba yana da kyau, amma da zarar na juya shi gefe sai in ga ya baje, babu kauri. An ba ni shawarar in riƙa sa mutum ya tsaya a gabana. Shin hakan zai gyara matsalar, kuma yaya ake yi?

Amsa: Shawarar da aka ba ka daidai ce, domin laifin ba na Blender ba ne. Hoto yana ba ka tsawo da faɗi, amma yana ɓoye zurfi, wato nisan da ke tsakanin ƙirji da gadon baya, ko tsakanin goshi da ƙeya, sai hannunka ya cike gurbin da ƙiyasi. Ga kuma ruɗin kyamara: idan an ɗauki hoto daga kusa, kamar yadda aka saba yi da waya, abin da ya fi kusa da ita, hanci ko hannun da aka miƙo, yakan kumbura, na nesa kuma ya ƙanƙance. Wanda ya kwafi wannan ya kwafi kuskuren kyamara ya sa a jikin mutum.

Idan ka sami wanda zai tsaya maka, ka nemi izininsa a kan abin da za ka yi da aikin, ka zauna nesa da shi kamar mita uku, haske yana zuwa ta gefe guda, misali ta taga. Ka yi alama da alli a inda tafin ƙafafunsa suke, saboda tsayuwa wuri ɗaya tana gajiyarwa, kuma a azuzuwan zane akan ba mai tsayuwa hutu bayan kimanin minti 20 zuwa 25. Alamar ce za ta mayar da shi yadda yake. Tufafi ma abin lura ne. Babbar riga tana da kyau ga mai koyon yadda yadi yake naɗewa, amma tana rufe duk abin da kake nema a yanzu, don haka singileti da gajeren wando sun fi. Ɗan dambe ko ɗan kokawa, idan ka samu, ya fi kowa dacewa, tun da tsokarsa a fili take.

Kafin ka taɓa sassaƙa, ka yi zane-zanen gaggawa na minti ɗaya ko biyu a allon zane, ko ma a takarda, kana bin karkatar jiki kawai. Sannan ka buɗe Blender ka ajiye dunƙule uku: kai, akwatin haƙarƙari da kwankwaso. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne masu koyo suke gaggawa. Dubi mutum ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama: kwankwason dama zai ɗaga, kafaɗar dama ta sauka, gwiwar hagu ta ɗan lanƙwasa, kuma da za ka saki zare mai nauyi daga ramin da ke gindin maƙogwaro, zai sauka kusa da idon sawun ƙafar da ke ɗauke da nauyin. Idan siffarka ba ta cika wannan ba, za a ga kamar za ta faɗi, ko da ka ƙawata fuskarta.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada ka daɗe a kusurwa ɗaya. Masu sassaƙa da yumɓu sukan juya dandamalin da mutum yake tsaye a kai tare da na aikinsu. Kai kuma ka tashi ka sauya wurin zama bayan 'yan mintuna, ka juya siffar a allo ta yi daidai da inda kake kallo, ka gyara layin gefenta kaɗai. Gaba, gefe, baya, da tsakankaninsu. Ka saita kallon allo a yanayin da na nesa yake ƙanƙancewa, mai ruwan tabarau na milimita 50 da Blender take zuwa da shi, domin shi ya fi kusa da abin da idonka yake gani a ɗakin.

Wajen awo, tsayin baligi yakan kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, amma wannan mafari ne kawai. Ka auna na gabanka ta hanyar miƙa alƙalami a tsawon hannu. Ka dogara da wuraren da ƙashi yake kusa da fata, kamar gwiwar hannu, ƙoƙon gwiwa, idon sawu da allon kafaɗa, domin tsoka tana sauya siffa da motsi, ƙashi kuwa ba ya sauyawa.

Game da kayan aiki, Blender kyauta ce tun 2002, kuma ta wadatar. ZBrush, wadda ke hannun kamfanin Maxon, ta kuɗi ce, Nomad Sculpt kuma ta fi sauƙin ɗauka ana zagaya mai tsayuwa tun da a kan iPad ko Android take aiki. Kowace ka zaɓa, ka bar siffar da ƙananan fuskoki kaɗan, wato 'yan gutsattsarin da suke haɗuwa su zama fatar siffar a kwamfuta, a zaman farko, kada ka ƙara yawansu da Remesh, wato umarnin da ke sake saƙa su, sai dunƙulen nan uku sun zauna daidai ta kowace kusurwa. Hotuna kuma ka ɗauke su a ƙarshen zama, daga nesa, ta kusurwa takwas, don ƙarasa yatsu da kunnuwa bayan mutumin ya tafi.