Zauren Tambaya da Amsa: Zan iya bin yawon ɗanɗana abinci a Takayama alhali akwai giya a tsarin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, ya gida ya iyali? Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kaduna. Allah ya nufa an zaɓe ni zuwa wani kwas a birnin Nagoya na ƙasar Japan, a watan Oktoba za mu tafi. A jadawalin da aka turo mana akwai wata Asabar da za a kai mu wani tsohon gari wai shi Takayama, a haɗa mu da ɗan jagora ya zagaya da mu a ƙafa muna ɗanɗana abinci da abin shan garin. Da na karanta bayanin sai na ga har da shiga gidan da suke yin giyarsu ta shinkafa. Maigidana ya ce in ce musu ba ni da lafiya in zauna a masauki. Ni kuwa ba na son yin ƙarya, kuma ina son ganin garin. Na san kin taɓa zuwa ƙasar. Me kike gani?
Ƙanwarki daga Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a wannan karatu, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Shawarata ki je, idan maigida ya amince bayan kin karanta masa wannan amsa, kuma ki bar batun ƙaryar ciwo, ba ki da bukatarta. Damuwarsa tana kan hanya, kishin addininki yake yi, Allah ya saka masa. Sai dai kofin giya abu ne da kowa yake gani, kina cewa ba kya sha an wuce wurin. Wadda za ta shiga bakinki ba ki sani ba tana cikin miya da romo da abin da ake shafa wa gasasshen abinci, kuma wannan za ki tarar da ita a Nagoya ma, a kantin kusa da masaukinki. Zama a ɗaki ranar Asabar ɗaya ba zai raba ki da ita ba. Sanin abin da za ki tambaya ne zai raba ku.

Bari in fara da garin. Takayama tana cikin duwatsun yankin Hida ne a jihar Gifu, tafiyar kamar awa biyu da rabi a jirgin ƙasa daga Nagoya, kuma hanyar kanta abin kallo ce, jirgin yana bin gefen kogi tsakanin tsaunuka. Arzikin yankin katako ne, kafintocinsa sun yi suna tun zamanin da. Saboda wannan arziki ne a shekarar 1692 gwamnatin shogun, wato sarakunan yaƙin da suka mulki Japan daga 1603 zuwa 1868, ta karɓe yankin ta riƙa gudanar da shi da kanta. Gidan gwamnatin wancan lokaci, Takayama Jinya, yana nan tsaye ana shiga kallo, an ci gaba da aikin ofis a cikinsa har zuwa 1969. Unguwar attajiran da, Sanmachi, ƴan layuka ne matsattsu, gidajen katako baƙaƙe a jere, ga ruwa garai-garai yana gudu a ƴar kwata a bakin ƙofofi. A nan yawancin yawon yake.

Yadda ake yi, galibi mutane kaɗan ne a rukuni, awa biyu zuwa uku, ana tsayawa wuri-wuri ana ba kowa loma ɗaya ko biyu. Yawanci da kasuwar safe ake farawa. Biyu ne a garin, ɗaya a bakin kogin Miyagawa, ɗaya a gaban Jinya, kuma da tsakar rana suke tashi. Wannan ɓangare na fi so. Na tsaya gaban wata tsohuwa da ta baza kayan gonarta a ɗan tebur, ta sa tsinke ta caki yankan wata jar saiwa da aka tsima a gishiri, akakabu suke ce mata, ta miƙo mini da hannu biyu tana sunkuyar da kai. Tsami da gishiri da ƙaras-ƙaras a haƙori. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Japananci, ɗan jagora ne ya faɗa mini cewa tsimin nan shi ne cefanensu na lokacin sanyi, don dusar ƙanƙara tana rufe gonaki watanni, dole a tanadi abin ci tun kaka. Amfanin ɗan jagora ke nan. Da ni kaɗai ce da na wuce ta ban san me ke cikin robar ba. Ke kuma kin yi dace, Oktoba lokacin tuffa ne a yankin, za ki ga ana yankawa ana ba mutane su ɗanɗana.

To, yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Girkin Japanawa kusan duk a kan abubuwa ƴan kaɗan ya tsaya. Akwai shoyu, baƙin ruwan waken suya mai gishiri. Akwai miso, wanda za ki iya cewa shi ne daddawarsu: waken suya ne ake dafawa a tsima shi watanni, ya koma wani abu mai kauri da ƙarfin ɗanɗano da ake kaɗa miya da shi. Akwai dashi, romon da ake yi da busasshen kifi da ganyen teku, wanda ba shi da wata matsala. Sai kuma biyun da suka shafe mu, sake da mirin. Sake ita ce giyar shinkafar, barasar da ke cikinta kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma ba sha kawai ake yi ba, ana zuba ta a tukunya. Mirin ita ma giyar shinkafa ce mai zaƙi, ta ainihin tana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, ita ke sa gasasshen abu ya yi ƙyalli da ɗan zaƙi-zaƙi. Mai girkin Japan ba ya ɗaukar mirin a matsayin giya, kayan miya ce a wurinsa. Idan kika tambaye shi ko akwai giya a abincin nan, zai ce miki babu da zuciya ɗaya, alhali ya zuba mirin. Ba yaudara ya yi ba. Don haka ki ambaci sunanta: akwai mirin? Akwai sake?

Ki ɗauki hoba miso, abincin da garin yake alfahari da shi. Ana shimfiɗa busasshen ganyen wata bishiya mai faɗi a kan ƴar murhun gawayi, a ɗora miso da albasa mai lawashi da naman kaza, ya yi ta tafarfasa a hankali ƙamshi yana tashi, a ci da farar shinkafa. Babu nama a wani lokacin, sai ki ɗauka an tsira, amma sau da yawa an kwaɓa mison da mirin. Sai kuma mitarashi dango, ƴan curin garin shinkafa a tsinke. A wasu garuruwan miya mai zaƙi ake zuba musu, na Takayama kuwa shoyu ake tsoma su a gasa. Na tsaya ina kallon mai gashin yana juya tsinkaye da yatsu biyu, ya tsoma a tukunyar shoyu ya mayar kan wuta har gefen ya ɗan ƙone. Ɗan jagoranmu ya tambaye shi, ya ce shoyu ne zalla, na ci da zafinsa. Ke ma a tambayar miki, don kowane mai gashi da haɗinsa.

Shi kansa shoyu da miso akwai magana. Wurin tsimawa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na barasa yana samuwa da kansa, wasu kamfanoni kuma suna ƙara ta don kada kayan su lalace. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, ni kuma ba malama ba ce. Ki samu malamin da kuka yarda da shi ku yi maganar tun kina Kaduna. Abin da ni na tsaya a kai shi ne, duk abin da aka zuba wa sake ko mirin da gangan na bar shi, shoyu da mison da ba a ƙara musu komai ba kuwa na ci.

Batun nama ba shi da tsawo. Naman shanun Hida yana cikin mafi tsada a ƙasar, za ki ga layi a gaban masu sayar da shi, yanka siriri a kan curin shinkafa an ɗora a kan wata ƴar busasshiyar waina maimakon faranti. Yawancin Japanawa addinin Shinto da na Buddha suke bi, yankansu ba namu ba ne. Akwai naman shanun Japan mai takardar shaidar halal, amma a gidajen abinci ƙalilan, idan ba ki ga shaidar ba ki haƙura. Taliyar garin mai romo ma ki bar ta, yankan naman alade ake ɗora mata. Kayan zaƙi masu santsi ki tambaya ko da jelatin aka yi, don sau da yawa daga alade yake. Kifi, ƙwai, shinkafa, ƴaƴan itace, koren shayi da yawancin alawarsu ta garin shinkafa da jan wake, waɗannan sun ishe ki ki ƙoshi.

Gidajen giyar ba sa ɓuya. A saman ƙofar kowanne an rataye wani ƙaton dunƙule na ganyen itacen sugi, sugidama sunansa. Kore shar ake rataye shi lokacin da sabuwar giya ta fito, yana bushewa yana komawa ruwan ƙasa. Da kin hango shi kin san inda aka dosa. Ni ban shiga ɗakin da ake zubawa a ƙananan kofuna ba, saboda hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, kuma ba na ba ki shawarar shiga. Ki gaya wa ɗan jagora za ki jira a waje. A layin akwai shagunan sassaƙa da na miso da na shayi, kafin ki gama da ɗaya sun fito. Idan aka miƙo miki wani farin abin sha mai kauri da zaƙi aka ce amazake ne, ki sani iri biyu ne: akwai wanda ake yi da tsimammiyar shinkafa kawai, akwai wanda ake yi da dusar da ta rage bayan an tace giya. Na biyun ki mayar.

Abin da zai sauƙaƙa miki komai shi ne ki rubuta wa masu shirya kwas ɗin tun yanzu, kada ki bari sai ranar. Ki ce ke Musulma ce, ba kya cin alade da naman da ba yankan halal ba, ba kya shan giya ko cin abin da aka dafa da sake ko mirin, kina cin kifi da kayan lambu. Japanawa mutane ne masu son shiri tun da wuri. Idan an sanar da su sukan yi iya ƙoƙarinsu, idan kuwa aka zo musu da magana bagatatan sai su rikice su ji kunya, ke ma ki ji. Da kin isa Nagoya ki sa wani ya rubuta miki wannan bayani da rubutunsu a ƴar takarda ki riƙe a jaka.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ki riƙe tsabar kuɗin yen don ƴan kasuwar safe. Ba sa son a riƙa ci ana tafiya, a tsaya a gaban mai sayarwa a cinye a ba shi tsinken, don kwandon shara yana da wuyar gani a titi. Ba a ba da tukuici. Za a cire takalmi a Jinya, ki sa safa mai kyau da takalmin da ba shi da wuyar cirewa, ki kuma ɗauki rigar sanyi, garin dutse ne. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ki duba a wayarki. Idan ranar ta faɗo 9 ko 10 ga Oktoba, bikin kaka na garin ake yi, cunkoso zai yi yawa, kada ki yi nisa da ƴan rukuninku.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Na ga irin wannan yawon cin abinci na Japan a talabijin. Ni matashi ne, na gama karatu ba aiki. Anya za a iya yin sana'ar nan a Kaduna?
Ɗanki daga Kawo.

AMSA: Za a iya, ɗana, kuma na ji daɗin tambayar. Kaduna ba tsohon gari ba ne irin Takayama, a 1917 Turawa suka maido hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Idan tarihi mai zurfi kake so ka nuna, Zariya tana kusa, ga Ƙofar Doka, ga fadar Zazzau, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Amma abinci muna da shi a nan: waina da miyar taushe da safe, fura da nono da rana, tsire da balangu da yamma, ga Kasuwar Bacci da baƙo zai so ya gani da idonsa.

Wahalar tana wurin shiri. Ka zaɓi masu sana'a huɗu ko biyar da ka yarda da tsabtarsu, ku daidaita farashi da lokaci tun kafin ka kawo kowa. Kada rukuni ya wuce mutum shida, kuma kaɗan-kaɗan za a riƙa ba su, wanda ya ƙoshi a wurin mai waina ba zai kalli tsire ba. Ka san labarin kowane abinci da na mai yin sa, don shi baƙo yake biya. Ka tambayi kowa abin da ba ya ci kafin ku fita: akwai waɗanda gyaɗa take tayar wa da ciwo mai tsanani, kuma ka san yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yin sa. Ka fara gwadawa da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga kudu da baƙin biki da ke sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ka riƙa tambayarsu abin da ya yi musu da wanda bai yi ba kafin ka yanke kuɗin da za ka riƙa karɓa.