Kada ku je rumfar zaɓe da gora

Malam, ka ce kai wakilin jam'iyya ne a wani ƙauye wajen Ringim, kana tambaya ko ku tanadi gora da adda saboda ɓarayin akwati. A'a, ko tsinke kada ku riƙe. Ka tsaya a ƙirga ƙuri'u a gabanka, ka sa hannu a takardar sakamako ta EC8A, ka karɓi kwafinka.

Na yi wakilci a 2023. Rumfar da aka yi rikici, hukumar zaɓe ta INEC na iya soke ƙuri'unta duka, har da naku. Kuma mata, da su ne ke cika layi a wajenmu, suna hango makami sai gida. Gara ku samu dagaci da liman tun da wuri, yaran nan masu satar akwati ai an san iyayensu.