Tambayoyinku kan amfilifaya: ninki daban, ƙarfi daban

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi. Na haɗa ƙaramar amfilifaya da LM358 (ƙaramin IC mai ƙafa 8) da batir mai volt 9. Na sa rezisto 100k daga fita zuwa ƙafa ta 2, da 1k daga ƙafa ta 2 zuwa ƙasa, don ta ninka sigina sau 101 kamar yadda aka koya mana. Amma da na jona wayata sai sauti ya fito a dagule, mita kuma ba ta nuna ninkin da nake jira ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, lissafinka daidai yake. In aka shigar da sigina ta ƙafa ta 3, ninki shi ne 1 a haɗa da 100k a raba da 1k, wato 101. Abin da takarda ba ta faɗa maka ba shi ne amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta. Daga batir take ɗebowa ta zuba a fita, ba za ta taɓa ba ka fiye da abin da ke cikin batir ba.

Duba ka gani. Ramin iyafis na waya, in ka ƙure murya, yakan fitar da kusan rabin volt zuwa volt 1. Ninka rabin volt sau 101, ka nemi volt 50 ke nan daga batir mai volt 9. Ga shi LM358 ba ta ma kaiwa ƙarshen batir, takan tsaya kimanin volt 1.5 ƙasa da shi. Duk abin da ya haura wannan iyaka sai ta sare masa kai, kuma wannan saran ne kunnenka ke ji kamar ana yaga tsumma. A haɗinka, mafi yawan abin da zai fito da tsabta bai wuce volt 2 a ma'aunin AC ba. Ka raba shi da 101, za ka ga siginar shiga bai kamata ta wuce milivolt 20 ba. Irin wannan ninki na makirufo ne. Waya ba ta buƙatarsa.

Kafin ka jona komai, fara da awon DC. Tunda batir ɗaya kake amfani da shi, dole ƙafa ta 3 ta zauna a tsakiya: rezisto biyu masu daraja ɗaya, misali 100k da 100k, ɗaya zuwa volt 9 ɗaya zuwa ƙasa, sigina kuma ta shigo ta kondensa. Sannan waccan 1k kada ta taɓa ƙasa kai tsaye, ka sa mata kondensa 10µF a jere. In ba haka ba, volt 4.5 ɗin nan ma za a ninka shi sau 101, fita ta manne a sama ta ƙi motsi. A yadda ka bayyana haɗinka ba ka ambaci wannan kondensa ba, don haka nan zan fara dubawa. Ɗora jan tsinken mita a ƙafa ta 1, baƙin a ƙafa ta 4. Ka ga kusan 4.5, to madalla. Ka ga 7 da wani abu ko sifili, kada ka ci gaba sai ka gyara.

Awon ninkin kansa ba sai da osiloskop, na'urar nan mai nuna siffar sigina a allo, ba. Sauke manhajar da ke fitar da sauti ɗaya miƙaƙƙe a waya, ka saita ta a 200 Hz, domin mitoci masu araha ba su karanta AC daidai in sautin ya yi tsini da yawa. Ka tabbata mitarka tana da ma'aunin AC na volt 2. Ƴan ƙananan nan da ma'auninsu na AC ya fara daga 200 ba za su yi wannan aiki ba. Daga nan ka haɗa rezisto 10k da ohm 100 a jere a bakin wayar, ka ɗauki sigina daga kan ohm 100 ɗin ka kai wa amfilifaya. Wannan haɗi yana rage sigina sau 101 cif, amfilifaya kuma ta ninka ta sau 101. Saboda haka in ka auna bakin waya ka ga 0.50, ka auna fita ta bayan kondensa ka ga 0.49 ko 0.52, ninkinka ya cika. Ɗan bambancin daga rezisto ne, masu zoben zinare suna iya kaucewa da kashi 5 cikin 100. Yanzu riƙa ƙara muryar waya kaɗan-kaɗan kana auna ɓangarorin biyu. Muddin suna tafiya tare, lafiya lau. In kuwa na shiga ya ci gaba da hawa na fita ya fara ja da baya, to amfilifaya ta kai iyakarta.

Akwai wani abu da nake so ɗalibai su riƙe da kyau. LM358 tana da kusan 1 MHz da za ta raba tsakanin ninki da faɗin sauti. Ka ɗauki ninki 101, abin da ya rage maka kusan 10 kHz ne, alhali kunnen matashi yana ji har wajen 20 kHz. Shi ya sa muryar za ta fito kamar an rufe ta da bargo. Cikin LM358 amfilifaya biyu ne, to ka ba kowace ninki 10 ka jera su. Jimilla 100 ne, kowace kuma tana da sararin kusan 100 kHz. Dabarar maido da wani yanki na fita zuwa shiga, aikin da 100k ɗinka ke yi, don a sayi tsabta da ninki, Harold Black ne ya fito da ita a 1927 a Amurka saboda layukan tarho masu nisa, har gobe kuma a kanta ake tafiya.

In kuwa lasifika mai ohm 8 ka jona kai tsaye a ƙafa ta 1, cire ta. LM358 ba ta da ƙarfin tura lasifika. Sa LM386, IC mai iya tura ƙaramar lasifika, a gabanta: ninkinta 20 ne, ya koma 200 in ka sa kondensa 10µF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, kodayake da waya 20 ɗin ma ya yi yawa sai ka sa abin rage murya.

Tambaya: Ni ke kula da lasifikar masallacin unguwarmu a Tibiri. Mun sayi amfilifaya mai aiki da batir ɗin sola volt 12, an rubuta wat 1000 a kwalinta. Da ladan ya ɗaga murya sai ta shaƙe, har lasifika ɗaya ta ƙone. Ko batir ne ya yi rauni?

Amsa: Allah ya saka da alheri, Alhaji, bisa wannan hidima. Batir na iya taimakawa wajen matsalar, amma ina zargin lambar da ke kan kwali. Ku juya bayan na'urar ku zare fis ɗinta ku karanta. In an rubuta 5A, wato amfiya 5, to ku ninka da volt 12, wat 60 ke nan. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta ke nan kafin fis ya tsinke, kuma wani kaso nasa zafi yake zama. Na'urar da za ta ba da wat 1000 na gaskiya daga volt 12 sai ta ja fiye da amfiya 80, wayarta ma sai ta yi kauri kamar ta batir ɗin mota. Yawancin ƙananan nan, in babu taransifoma ko da'irar ɗaga wuta a ciki, abin da suke bayarwa da tsabta bai wuce wat 15 zuwa 18 ba a lasifika mai ohm 4, rabin haka a mai ohm 8. Abin yana ɓata mini rai, domin kuɗin jama'a ne aka tara da ƙyar aka saya.

Murɗa maɓallin murya zuwa ƙarshe ninki yake ƙarawa, ba ya ƙara ƙarfin da na'urar ke da shi. Da ta kai iyaka sai ta fara sare sauti, sararren sauti kuwa yana dafa siririyar wayar da ke naɗe cikin lasifika. Ku sa ladan ya yi magana da irin muryar da yake kiran salla, ku ɗaga har ku ji alamar shaƙewa, ku dawo baya kaɗan, ku sa alama da fenti a wurin. Ku auna batir a daidai lokacin da ake kira, musamman da asuba bayan ya kwana ba rana. In yana faɗowa ƙasa da volt 11.5, shi ma yana rage iyakar. Kada kuma ku jera lasifika da yawa a baki ɗaya: biyu masu ohm 8 in an haɗa su gefe da gefe sun zama ohm 4, huɗu sun zama 2, wanda ƙananan amfilifaya da yawa ba su jurewa.

Tambaya: Ina gyaran rediyo a Babbar Kasuwa. Na haɗa abin ƙara muryar makirufo da tiransisto C945 guda ɗaya da rezisto ɗaya daga wuta zuwa bes (ƙafafunsa uku su ne bes, emita da kolekta). Da safe ras, da azahar ya fara yin ƙara. Me ke faruwa?

Amsa: Zafin Maraɗi ne, ɗan'uwa, musamman a rumfar kwano cikin watan Afrilu da Mayu. Tiransisto in ya yi zafi yakan ƙara jan wuta, volt ɗin da ke tsakanin bes da emita kuma yana raguwa da kusan milivolt 2 a kowane digiri. Da rezisto ɗaya tak babu mai riƙe shi, sai kolekta ta zame ƙasa har sigina ta rasa wurin motsi. Auna kolekta da safe, ka sake aunawa da rana, za ka gani da idonka. Ko ka kusantar da kan ƙarfen dalma kusa da shi ba tare da ka taɓa ba, kana kallon mita.

Gyaran: sa 470 ohm a emita, 4.7k a kolekta, ka ciyar da bes da rezisto biyu, 68k daga sama da 10k zuwa ƙasa, a kan volt 9. Kolekta za ta zauna wajen volt 4 zuwa 5, kusa da rabin batir, sai ka duba da mita. Ninki zai zama kusan 10, wato 4.7k a raba da 470, kuma ba zai damu da rana ba. In C945 ya ƙare maka ka ɗauko BC547, ka lura jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne: in fuskar mai rubutu na kallonka, C945 emita, kolekta, bes ne, BC547 kuwa kolekta, bes, emita.