"Halt": tsayawa ce ko ɗingishi?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa "halt" na nufin tsayawa, kamar yadda ake ba sojoji umarni a fareti. Sai ga shi na ci karo da "the halt and the blind" a wani tsohon rubutu, na kuma ji an ce wani baƙo yana magana da "halting English". Me ya haɗa masu tsayawa da makafi? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, malamanka ba su yi kuskure ba, rabin zancen ne kawai suka ba ka. Kalmomi biyu ne daban, kowace da gidan ubanta, rubutu ne ya haɗa su. Mu ma muna da irin wannan: garin da ake zama da garin da ake tuwo. Sai dai mu tsawon wasali yana raba mana gardama, su kuwa Turawa furucin ma ɗaya ne.

Tsohuwar ita ce ta guragu. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, mutanen Ingila na kiran gurgu ko mai ɗingishi "healt". 'Yan uwanta na nan birjik a harsunan dangin Jamusanci, har yau a Suwidin "halta" na nufin yin ɗingishi. Fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1611, zamanin Sarki James, ita ce ta riƙe kalmar da rai, inda aka jera matalauta da nakasassu da guragu da makafi. To, guragu da makafi ka karanta.

Ta sojojin baƙuwa ce. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta shigo daga Jamusanci, a bakin mayaƙa, kuma asalinta "halten", wato riƙewa. Dangin "hold" ce ke nan. Baƙuwar ta yi kaka-gida, har ta kusa kore 'yar gida daga bakin mutane.

Sauran abin da ya rage wa tsohuwar shi ne wannan "halting" da ka ji. Da yawa suna ɗauka maganar da ke tsayawa ake nufi, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ma'anar ta zauna daidai. Amma a asali magana ce mai ɗingishi, tana tafiya tana jan ƙafa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, shi da yake cewa gurguwar fahimta, ko an gurgunta tattalin arziki.

Kalmar da Bature ke amfani da ita yau idan ya ga mai ɗingishi kuwa ita ce "limp". A ƙarni na 16 ta bayyana a rubuce da wannan ma'ana. Masana da dama na danganta ta da wata tsohuwar kalma, "lemphealt", mai ɗingishi. Duba wutsiyarta da kyau: "healt" ɗin nan ce dai ta guragu.

Shawarata, kada ka kira mutum "halt" a zance ko a jarrabawa. Ta tsufa, ba kowa zai gane ba, wanda ya gane ma zai iya jin ka ci masa fuska. Ka ce "he limps", ya wadatar.