Amsa ga amaryar da ke son leƙa ƙarƙashin teku a Zanzibar alhali ba ta iya iyo ba

Wa alaikumus salam, Amarya. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don amsarta ba ta layi biyu ba ce. Kin ce ke da angonki za ku Zanzibar a watan Disamba, shi yana ta ɗokin a fita da ku cikin teku kallon kifaye, abin da suke kira sinokilin, ke kuma ko tafkin otal ba ki taɓa shiga ba, sannan kina tunanin irin shigar da za ki yi tunda mai hijabi ce ke. Ni da maigidana sau biyu muka je, a 2019 da 2023, kuma duka biyun ban iya iyo ba.

Za ki iya, ƙanwata. Ruwan gishiri ya fi ruwan kogi ɗaga mutum, in kuma aka ɗaura miki rigar ceto daidai jikinki, ba za ki nutse ba. Ba nutso ake yi ba, kwanciya ce rub da ciki a saman ruwa, fuska a ciki, kina numfashi ta wani bututu da bakinsa ke sama. Amma kafin ki tambayi wane wuri ne ya fi kyau, ki fara tambayar wane ne zai shiga ruwan tare da ke. A nan ne na yi kuskure a zuwan farko.

A Nungwi muka sauka, can ƙarshen arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Da yamma muna tafiya a bakin ruwa, samarin da ke tallar fita teku suka tare mu, ɗaya ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na otal ba, ya ce Mnemba za a kai mu, har da dolfin. Muka biya. Araha ba ta ado. Washegari muka fi awa ɗaya a jirgi mai inji, igiyar ruwa na buga mu, da muka isa muka tarar da jirage birjik, kowanne injinsa na kunne. Mnemba ƙaramin tsibiri ne mai masauki na masu kuɗi, ba a yarda baƙin yini su taka ƙasarsa ba, saboda haka daga cikin jirgi ake sauka kai tsaye, a inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Aka turo mana bokitin kaya, kowa ya ɗauka. Rigar ceton da na samu igiyarta ɗaya a tsinke take. Ba wanda ya nuna mini yadda ake sa gilashin da ke rufe ido da hanci don kallon cikin ruwa, ba wanda ya sauka tare da mu.

Ina sakin tsanin jirgin, rigar ta hauro mini har kunnuwa. Ruwa ya shiga gilashin ta gefen hulata, na ja numfashi ta hanci kamar yadda na saba, na shaƙi gishiri, sai na rikice. Abin da har yau yake tayar mini da hankali shi ne na cakumi wuyan maigidana da hannu biyu, shi ma ba gwanin ruwa ba ne, muka fara yin ƙasa tare. Wani matuƙi daga jirgin da ke kusa ne ya jefo mana tayar ceto. Sauran yinin a cikin jirgi na yi shi, ina amai. Na rantse ni da teku sai dai kallo daga nesa.

A 2023 muka sauka ɓangaren Michamvi, a gabas. Maigida ya yi ta lallashina har na yarda in gwada sau ɗaya, bisa sharaɗin ni zan zaɓi mai rakiya. Muka samu wani dattijo, tsohon masunci, da na gaya masa abin da ya faru sai ya ce ba za mu hau jirgi ba sai mun yi darasi a inda ruwa ya tsaya mini a ƙugu. Ya fara da gilashin. Ya ce in manna shi a fuska ba tare da na sa igiyarsa ba, in ɗan ja iska ta hanci. In ya maƙale da kansa, to nawa ne, in ya faɗo a canza wani. Sai a na uku muka dace. Ya sa na tura gefen hulata baya, domin ko zare ɗaya ko silin gashi ya shiga ƙarƙashin robar, ta nan ruwa zai bi. Ashe abin da ya same ni a Mnemba ke nan. Ya ce kada in ɗaure igiyar tamau, matsewa na ƙara yoyo. Ya ɗiga sabulun wankan jarirai a cikin gilashin ya ɗauraye, don kada ya yi hazo.

Daga nan sai bututun. Ana ɗan riƙe robarsa da haƙora, leɓe ya rufe kewayenta, numfashi ta baki kaɗai. Na yi ta yi a tsaye, fuskata a waje, har jikina ya saba. Sannan na sunkuya na sa fuska a ruwa, ƙafafuna a ƙasa, yana ƙirga mini numfashi goma. Da gangan ya sa ruwa ya ɗan shiga bututun, ya ce in fesa shi da ƙarfi sau ɗaya, kamar mai tofar da ƙwallon dabino. Kalmar da ya fi maimaitawa ita ce "pole pole", wato sannu sannu da Swahili. Ya kuma koya mini abin da zan yi in na tsorata: in juya rigingine, in cire bututun, in kalli sama in huta, rigar za ta riƙe ni. Kada in miƙe tsaye ina fafutuka, kada in kama kowa. Duka darasin bai kai rabin awa ba.

Da muka fita wurin da suke kira Blue Lagoon, shi ya fara sauka. Ya ɗaura tayar ceto da igiya a jikinsa, na riƙe ta da hannu biyu, yana iyo yana jana. Na sa fuska a ruwa. Amarya, gani ya kori ji. Hayaniyar sama ta ɗauke ɗif, ba abin da nake ji sai numfashina da wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a nesa. Wasu ƙananan kifaye masu zane baƙi da fari suka kewaye ni, ɗaya ya tsaya daidai gilashina yana kallona. A ƙasa ga wani mai launin kore da shuɗi, bakinsa kamar na aku, yana gatsar dutsen murjani, ina jin ƙarar haƙoransa. Daga baya dattijon ya gaya mini irin wannan kifin yana niƙe abin da ya gatsa ya fitar da shi a matsayin yashi, wato wani ɓangare na farin rairayin da muke takawa daga cikinsa ya fito. Na yi ta tasbihi a zuciyata. Ki sani kuma, ta cikin gilashi komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya bisa uku, ya kuma matso kusa, don haka in kin ga kamar dutse zai goge miki ciki, yawanci da sauran tazara.

To kafin ki ba kowa ko sisi, ki yi masa tambayoyi ido da ido. Mai rakiya zai shiga ruwa, ko a jirgi zai zauna? Mutum nawa yake kula da su a lokaci guda? Yana da tayar da zai ja wanda bai iya iyo ba? Ki ce a nuna miki rigar ceton tun a ƙasa, ki sa ta, ango ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura kunnenki ta yi miki yawa. Ki faɗa musu ƙarara cewa ba ki iya iyo ba, kada kunya ta hana ki. Wanda ya amsa miki da dariya ya ce ba komai, ba komai, bai kuma yi miki bayanin yadda zai kula da ke ba, ki bar shi ki nemi wani. In an miƙo miki irin gilashin nan mai rufe fuska gaba ɗaya, ni dai ban ba ki shawarar karɓa ba, don marasa ingancinsa na iya tara iskar da kika fitar ki sake shaƙarta, kuma na haya ba ki san ingancinsa ba.

Game da wuri, in aljihu zai ɗauka, Chumbe na fi so miki. Ƙaramin tsibiri ne kudu da Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, an killace murjaninsa tun 1994, ba a kamun kifi a wurin, kuma suna ƙayyade yawan baƙin da ke shiga a rana, shi ya sa sai an yi rajista tun da wuri. Masu gadin wurin ne da kansu ke shiga ruwa da baƙi, kuma sun saba koya wa 'yan makarantar Zanzibar, har da 'yan mata, waɗanda yawancinsu ba su taɓa sa fuska a teku ba. Akwai tsohuwar hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina a 1904, ana hawa. Akwai kuma fitar yini guda daga Fumba zuwa mashigin Menai a jiragen katako masu filafilai, inda ake tsayawa a tudun yashi a tsakiyar teku, ki shiga ruwa da ƙafarki daga inda bai kai gwiwa ba. Wannan ma ya dace da sabon shiga, sai dai akwai jama'a. Changuu, da aka fi sani da Prison Island, ki je don manyan kunkurun da aka kawo daga Seychelles a 1919, ba don murjani ba. Mnemba kuwa ruwanta garau ne, ban hana ki ba, amma ta zama ta ƙarshe bayan kin saba, kuma ku tashi daga ɓangaren Matemwe inda tafiyar ta fi gajarta. A Disamba iskar Kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, daidai inda Mnemba take, ga shi lokacin cunkoson baƙi ne. Ku fita da sassafe kafin iska ta tashi. A gabar gabas kuma teku na janyewa da nisa sosai ta dawo sau biyu a yini, don haka mai rakiyar ne zai sa muku lokaci, ba ku ba.

Zancen sutura kada ya dame ki. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, za ki ga matan Paje da Jambiani cikin ruwa da zannuwansu suna noman ciyawar teku, ba wanda zai kalle ki. Ki sayi burkini tun daga gida, mai doguwar riga da wando da hula mai kama kai. Ki zaɓi wanda rigarsa ke da igiya ko maɓallin da ke haɗe ta da wandon, in ba haka ba ruwa zai ɗaga ta. Amma don Allah kada ki shiga da dogon hijabi ko abaya ko mayafi mai yawo. In ya jiƙe nauyi yake yi, ya nannaɗe hannu da ƙafa, yana iya rufe bakin bututun, ga kuma farfelar jirage. Ki bar hijabin a jirgi cikin jakar leda, kina hawowa ki zura. Ni har da zani nake riƙewa. Wannan shigar ma ta fi tsare ki daga rana, don kada ki ce mu baƙaƙe rana ba ta ƙona mu. Maigidana da gajeren wando ya shiga, bayan ƙafafunsa da ƙeyarsa suka saɓule, kwana uku yana fama. Ki sa ya nemi riga mai dogon hannu. In yana da gashin baki ya rage shi, ko ya shafa ɗan basilin a kai, don ta nan gilashin maza ke yoyo.

In mota tana sa ki jiri, jirgin ruwa zai fi. Ki nemi maganin tashin zuciya a kemis ki sha kafin ku tashi, ki karya da abu mara maiƙo, a cikin jirgi kuma ki riƙa kallon nesa. In akwai asma, ciwon zuciya, hawan jini ko farfaɗiya, ko kuma an samu rabo kafin lokacin, a fara ganin likita.

Murjanin da za ki gani ba dutse ba ne, halitta ce mai rai, dangin jan murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya. Wasu irinsa a shekara ba su ƙara tsawon ɗan yatsa, taku ɗaya kuma zai karya abin da ya yi shekaru yana girma. Kada ki tsaya a kansa, kada ki taɓa komai, wani ma yana ƙuna kamar wuta. In mai jirgi ya ciro tauraron teku don ki yi hoto da shi, ki ce ya mayar, a waje mutuwa yake yi. Kada ki yarda a watsa wa kifaye burodi. In kina tafiya a ruwa mara zurfi ki sa takalmin roba, saboda wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓoye a tsakanin duwatsu. Ƙayarta karyewa take yi a cikin fata. Batun dolfin kuma, na ga yadda jirage ke rufar musu ana ihu ana cewa mutane su yi tsalle, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kuma wanda bai iya iyo ba ba shi da abin yi a tsakiyar injuna. Ki kalle su daga cikin jirgi.

Ku tuna tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 ga mutum ɗaya a lokacin da aka fara, ku duba kafin ku tashi, ku kuma riƙe katin rigakafin ciwon shawara.

Saƙo ɗaya ki isar mini ga ango: ranar farko kada ya ja ki, kada ya sake ki don ya gwada ki, kada kuma ya zama shi ne abin riƙonki. Shi ma ya sa rigar ceto ko da ya iya iyo, ya tsaya gefenki inda za ki riƙa ganin hannunsa ta cikin gilashi. In kin ce a fita, a fita, ko minti biyar kuka yi. In kin sayi burkinin ki turo mini hotonsa ta akwatin saƙo, in duba miki ko hularsa za ta zauna da gilashi.