Fim yana cikin na'ura, amma ya ƙi buɗewa

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce ranar Juma'a fim ya gama shiga saba, wato kwamfutar da take ajiye fina-finan gidan sinima, tun da hantsi, ga sunansa ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta, amma ka danna ya ƙi tashi sai da ƙarfe 6 na yamma ta yi, har wani ɗan kallo ya tsare ka a bakin ƙofa yana cewa da gangan muke ja wa mutane rai don a ƙara sayen gugguru. Ka kuma haɗo da abubuwan da ake yawan tare ka da su: hoto ya yi duhu, sauti zai fasa kunne, wace kujera ce ta fi. To, bari mu ɗauko daga na farkon, don shi ne mai tsawo.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Fim ɗin ne a kulle. Abin da kamfanin rarraba fina-finai yake aiko mana a had-dis (ma'ajiyar bayanan kwamfuta), wanda muke kira di-si-pi, ba irin bidiyon da kake turawa a waya ba ne. Hoto daban yake, sauti daban, rubutun fassara daban, sannan ga wani ƙaramin fayil da yake gaya wa saba yadda za ta jera su. Fim ɗaya yakan haura gigabait 100, shi ya sa juye shi cikin saba yake cin lokaci, kuma shi ya sa nake maka faɗa idan ka bar shi sai ranar da za a nuna. Manyan fina-finai ana dagula bayanansu ne tun daga can, ta yadda ko an sace had-dis ɗin a hanya, ɓarawon bai samu komai ba. Kamar a aiko maka da akwati a motar haya ne, makullin kuma a biyo da shi ta hannun wani daban.

Makullin nan, ki-di-em, ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoto guda na wayarka ba, ta imel yake zuwa. Abu biyu ne a jikinsa da nake so su zauna maka a ka. Na ɗaya, saba guda aka yanka masa. Kowace saba tana da shaidarta, don haka makullin ɗaki na ɗaya ba zai buɗe fim a ɗaki na biyu ba, ko da na'urorin kamfani ɗaya ne kuma rana ɗaya aka sayo su. Na biyu, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, har da awa da minti. Kafin lokacin ba ya aiki, bayan lokacin ya mutu. Inda yara irinku suke rikicewa shi ne agogon da ake lissafi da shi. Na'urorin nan da agogon GMT suke aiki, mu kuma a Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya. Idan wanda ya yanka makullin ya saka ƙarfe 5 na yamma a wancan agogon, a Kano sai 6 zai buɗe. Je ka duba naka, ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan.

Na san abin da zuciyarka za ta raya maka: a murɗa agogon saba gaba mana. Kada ka soma. Agogon da makulli yake dubawa yana cikin wani sashe da aka rufe, kuma ƙa'ida ba ta yarda a gusa shi fiye da minti 6 a shekara ba, shi ma don gyaran ɗan saɓanin da agogo yake yi ne. Wanda ya nemi ɓalle sashen da sukundireba, na'urar za ta kulle kanta, sai an kira injiniya. Maganin abin ɗaya ne: duk ranar Alhamis ka buɗe jerin makullai, ka karanta lokacin kowanne, ka gwada fim ɗin idan ya buɗe. In ka ga wanda zai mutu a tsakiyar mako, a nemi sabo tun da sauran rana. Tallace-tallace da guntayen fina-finan da ke tafe galibi ba a kulle su, wasu fina-finanmu na gida ma haka suke zuwa a buɗe, don haka tashinsu ba ya nuna cewa babban fim zai tashi.

Duk wannan tsaron saboda kuɗi ne. Kuɗin tikiti ba na gidan sinima kaɗai ba ne. Ana raba shi da mai rarrabawa da mai fim, ga haraji, kuma saba tana rubuta duk lokacin da aka kunna fim, ba yadda za a yi nuni a ɓoye. Abin da ya rage wa gidan shi zai sayi gas na janareto, ya biya haya, ya biya ni da kai. Gugguru da lemo kuwa cinikin gidan ne. Saboda haka mutumin da ya tsare ka yana da rabin gaskiya, da gugguru ake riƙe sinima a ko'ina a duniya. Amma jinkirin Juma'a ba shi ne dalilinsa ba, kuma in an sake tambayar ka, faɗi gaskiya a taƙaice: izinin nuna fim ɗin bai fara aiki ba. Mutane sun fi haƙuri da wannan a kan "ana gyara".

Ku kun samu aiki cikin sauƙi, ko da yake ba ku sani ba. Sinima ta daɗe a garin nan, tun Rex a 1937, sai Palace a cikin birni a 1952, ga su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. Yawancinsu ba rufi, sararin Allah ne a samanka, dole sai duhu ya shiga ake farawa, in ruwa ya sauko kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. A irin waɗannan na koyi aiki. Fim ɗin zare ne mai faɗin milimita 35, yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, ƙafa 90 a minti. Naɗi ɗaya ƙafa 2,000 ne, wajen minti 20 ke nan, ka ga fim ɗin Indiya mai awa 3 tulin gwangwanaye ne. Majigi biyu ake girkawa gefe da gefe. Ɗaya yana aiki, kai kana ɗora naɗi na gaba a ɗayan. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, sai ka kafa ido ta 'yar tagar nan a kusurwar allo ta sama, hannun dama. Wani ɗigo zai gilma, ka tayar da motar majigi na biyu. Bayan daƙiƙa 7 ko 8 wani ɗigon ya sake gilmawa, a nan za ka sauya haske da sauti lokaci guda. In ka yi daidai, ba wanda zai san an canja na'ura. In ka yi ƙyafta, allo ya yi fari fat, sai ka ji ihu da fito daga ƙasa, har iyayenka sai an ambata. Hasken ma ba na kwan lantarki ba ne, sandunan gawayi biyu ne wuta take tsalle a tsakaninsu, suna cinyewa kana matso da su. Hannunka ba ya hutawa, idonka ma haka.

Wannan idon shi nake so ka gada, don shi ne amsar maganar duhu. Akwai ma'aunin hasken da allon sinima ya kamata ya bayar, kandela 48 a kowace murabba'in mita, kuma abu uku ne suke cinye shi a hankali har ba ka lura. Kwan zenon, wato fitilar da take cikin majigin yanzu, yana dusashewa da tsufa, shi ya sa na'ura take ƙirga awanninsa. Wasu gidajen suna rage masa ƙarfi don ya daɗe, ni ban yarda da wannan tsimin ba, cutar ɗan kallo ne da ya biya kuɗinsa cif. Na biyu ƙura. Duk littafin da ya zo da na'urar nan ba don Kano aka rubuta shi ba. In ya ce a duba matatar iska bayan wata kaza, kai da hunturu duk mako za ka cire ta. Ka ɗaga ta a haske, za ka ga ta yi ja kamar an barbaɗa mata jar ƙasa, kuma matata in ta toshe na'ura zafi take ɗauka ta kashe kanta. Na uku gilashin tagar da haske yake bi. Kashe fitilar ɗaki ka kunna majigi ka dubi gilashin daga gefe, duk shatin yatsa da ƙura za su fito. Da tsumman da aka tanada ake gogewa, ba da bakin riga ba, ballantana idon majigin kansa.

Kwan zenon kuma ba abin wasa ba ne. Iskar da ke cikinsa a matse take ko yana sanyi, in ya yi zafi ta ninka. Ba ka buɗe gidansa sai da garkuwar fuska da safar hannu, kuma ba ka taɓa gilashinsa da fatar hannu. In an tashi daga kallo, kashe kwan ka bar fanka tana juyawa kamar minti 10 kafin ka yanke wuta. Dalilin da ya sa nake tsoron ɗaukewar wutar NEPA a tsakiyar fim ke nan, fankar takan tsaya kwan yana tsananin zafi. Sababbin na'urori masu leza sun raba mu da wannan, sai dai kuɗinsu.

Sauti ba shi da dogon zance. Manyan lasifikoki uku suna bayan allo, hagu da tsakiya da dama, allon kuma cike yake da ƙananan huji don sauti ya ratso. Matsa kusa da shi gobe ka gani. Maganar 'yan wasa daga ta tsakiya take fitowa, don haka in aka ce ana jin kiɗa ba a jin magana, ita za ka fara zargi. A na'urar sauti ta Dolby lamba 7 ce ma'aunin da aka haɗa sautin manyan fina-finai a kai, amma ba kowane ɗaki ne yake ɗaukar ta ba, kuma fina-finanmu na gida kowanne da irin haɗinsa: wani waƙa ta yi sama magana ta nutse, wani akasin haka. Ba a yanke hukunci daga ɗakin majigi. Sauka ka zauna a kujera minti 5 na farko, gani ya kori ji, a nan kuwa jin ma sai ka sauko. Ka zauna a tsakiya, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon ɗakin daga allo, don a nan injiniya yake kafa makirfo idan zai daidaita sauti. Mai tambayar kujerar da ta fi, nan za ka nuna masa.

Saura abu biyu da ba ka tambaya ba. Fim ɗin Hausa ba ya hawa allonmu sai an ga takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Wannan aikin manaja ne, amma kai ne mai danna maɓalli, don haka tambaya ba laifi ba ce.

Na biyun shi ne ƙofofi. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya a nan Kano, ɗaruruwan mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. Dattawan da suka koya mana aiki ba su taɓa barin mu mun manta ba. Zaren fim na wancan zamanin mai kamawa da wuta ya wuce, amma wayoyin lantarki da kujerun soso da janareto suna nan. Kafin kowane nuni, zagaya ka tura kowace ƙofar fita da hannunka, ka tabbata fitilar da ke samanta tana ci, ba kuma a jibge katan-katan na lemo a bayanta ba. In ka tarar da kwaɗo a jikin ko da guda ɗaya, kada ka tayar da fim, kira ni ko ƙarfe nawa ne.