Amsa ga ɗan'uwan da ake matsa wa ya sayar da itatuwan gonar gado

Wa alaikumus salam. Malam, tun bayan sallar Isha'i na ga tambayarka, na rubuta na goge ya fi sau uku, don duk ranar da na taɓo wannan maganar sai raina ya ɓaci. Ka ce gonar da mahaifinku ya bari ta hanyar Giwa (Allah ya jiƙansa da rahama) tana da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da ɗan kurmi a bakin rafi, masu gawayi sun yi tayi, ƙannenka sun ce a sayar a sayi taki tunda dama inuwar na cin masara, kai kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya. Kana neman shawarar waɗanda suka taɓa gani. To ni a kaina aka yi.

Tamu gonar tana bayan Dakace, in ka gangara kamar za ka kogin Galma. Baba ya rasu a 2017, ba a raba gado ba, ka san halinmu, kowa na jin nauyin ya zama shi ya fara tada zancen. Ɗorawa 9 ce a ciki, kaɗanya 4, ƙirya 2, sai wata tsohuwar kanya a bakin rafi wadda mutum biyu ba sa iya zagaye ta da hannu. A kan ɗorawoyin nan Baba ya rataye amyarsa guda 14. Tun ina yaro ni ke riƙe masa igiya in zai hau ɗiban zuma da dare.

Ranin 2019 Inna ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, muka yi sati uku a asibiti. Ɗan baffana, wanda muka tashi ɗaki ɗaya, muka ci a kwano ɗaya, shi na bar wa amanar gonar. Kullum sai ya kira ya ce "Yaya ya jikin Inna? Gona lafiya lau, kar ka damu." Wallahi har kati nake tura masa.

Ranar wata Juma'a bayan an sallame mu na ɗauki mashin na ce bari in leƙa amya, don lokacin furen ɗorawa ne. Tun daga kan hanya na hangi fili fayau a inda ban saba ganin fili ba. Na ɗauka hanya na ɓata, har na juya na koma wajen gadar na sake shigowa. Sai warin hayaƙi. Tudu uku na ƙasa suna ta hayaƙi a tsakiyar gonar ubana, ga kututture jere, wasu ruwan jikinsu bai ma bushe ba, ja kamar jini. Jajayen furannin nan masu kama da tuntun hula duk an tattake su cikin toka. Amyar kuwa an jefo su ƙasa, an sa musu wuta da dare an kwashe zumar, ƙudan ga su nan a ƙone sun yi baƙi, tururuwa na ja. Na tsuguna na ɗauki murfin amya ɗaya, wanda Baba ya shafe da kashin shanu da hannunsa, shatin yatsunsa na nan a jiki. Ina da shekara 41 a lokacin, na zauna a kan kututture na yi kuka kamar yaron da aka kwace wa ƙosai.

Wani daga cikin masu gawayin, bawan Allah, ya kawo min ruwa a jarka ya ce "Alhaji ka yi haƙuri, mu an ce mana magada duk sun yarda, kuma mun biya." Ban ce masa komai ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Da na samu shi ɗan'uwan nawa a majalisa da yamma, ka san abin da ya ce min a gaban mutane? "Haba Yaya, itace ne fa, sai ka ce an kashe mutum." Yana faɗa yana wasa da makullin sabon mashin. Mashin ɗin ma na hannu ne, kafin babbar sallah ya sayar da shi ya biya bashi. Aka yi zaman dangi, Baffa ya ce a bar maganar saboda zumunci, aka yi fatiha aka watse. Ko sisi ba a ba Inna ba, alhali kalwar ɗorawoyin nan tata ce tun ranar da aka kawo ta gidan, da ita take daddawa, da kuɗin daddawar ta yi wa ƙannena mata kayan ɗaki. Har yau muna gaisawa da shi a wajen suna da jana'iza, amma Allah ya sani.

Wata biyu na ɓoye mata. Da lokacin kalwa ya yi ta fara tambaya, yaushe za a kawo ɗorawa a bubbuge, dole na faɗa. Ta yi shiru, can ta ce "Har kanyar bakin rafin?" Na ce har ita. Ta juya fuska bango. Ranar da na ga an aiki yaro da naira 200 ya sayo mata daddawa a Tudun Wada, na fita daga gidan don kar ta ga idona.

Yanzu maganar ƙannenka ta cewa inuwa na cin masara. Gaskiya suka faɗa, ba zan yi maka ƙarya ba, masara ba ta yin kirki a gindin ɗorawa. Daminar farko ma masararmu ta fi kyau, ɗan baffan nawa har habaici yake min. Ka jira damina ta uku. Saiwar kanya da ƙiryar nan ashe su ke riƙe da gaɓar rafin. Ruwa ya fara ci kaɗan kaɗan, yau kwazazzabo ne da zai haɗiye akori-kura, ya cinye kusan kunya 20 na wajen da ya fi kowane albarka. Rafin da muke samun ruwa a ƙwaryarsa har watan Maris, muna ɗan lambu, yanzu kafin ƙarshen Disamba yashi ne. Ganyen da ke zuba duk shekara yana ruɓewa ya daina, shanun Fulani da ke kwanciya a inuwa su bar mana kashi sun canza hanya, ƙasa ta yi fari ta yi tauri. Kuɗin takin da aka ce za a samu, mun biya shi ninki ba ninki.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne kabewa da kankana. Su yi yaɗo shar, su yi fure, furen ya kaɗe, 'ya'ya jefi-jefi. Na ɗauka iri ne, na canza, na ɗauka taki ne, na ƙara. Sai a wani taron manoma a Samaru wani malamin gona ya tambaye ni, "Akwai ƙudan zuma a wajen?" Ya ce kabewa da kankana furen namiji daban na mace daban, in ƙwaro bai ɗauko garin wannan ya kai wa wancan ba, babu ɗa. Ya ce kaɗanya ma zuma ke yi mata wannan aikin, ɗorawa kuwa har da jemage da dare. Jemagen da muke harbi da danƙo muna yara! Na dawo gida ina ta lissafi. Mujiyar da ke kogon kanya, wadda mata ke cewa mugun tsuntsu ce, ɓeraye take ci duk dare. Tun da ta tashi ɓera da gafiya suka samu gari, gyaɗa tun tana ƙasa suke haƙe ta. Tsuntsayen da ke sauka su tsince tsutsa babu inda za su sauka. Ga tsutsar masarar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016, shekarar da tsutsar da ake kira sharon ta gama da tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Sai feshi, feshi, feshi, kana kashe mai cin amfanin kana haɗawa da mai cin mai cin amfanin. Kun tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa? Wanda suka ƙi ɗin mu muke dafa wa 'ya'yanmu.

Na san na fita daga tambayarka, amma bari in faɗa tunda ta zo. Don Allah 'yan zaure, waye ya ga ungulu a Zariya kwanan nan? Muna yara in ka je kwata ba ka iya ƙirga su, da yamma su cika kan rimi. Garin da har unguwanni ke amsa sunan rimi, su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Ɗana na aji uku a sakandare ya iya karin maganar "ungulu ba ki jewar banza" don ta fito a jarrabawa, amma bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, a waya na nuna masa. Manyan itatuwan da take sheƙa an sare, masu tsibbu na sayen kanta, wasu na sa wa mushe guba. A Indiya ma haka ta faru ta wata hanyar, maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura, diclofenac, shi ya kusa ƙarar da ungulayensu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita da cizon mahaukacin kare, sai a 2006 suka hana ba dabbobi shi. Mu nan wa ya damu? Jaki ya mutu a bayan gari sai wari ya kori unguwa. Haka masu zuba maganin ƙwari na gamalin a Galma su kwashe kifi na yini ɗaya, su kashe har ƙwai da kwaɗi. Rafin Kubanni kuwa leda ta fi ruwa yawa. Kai, a bar maganar.

In koma kanka. Kar ka tsaya jayayya da ƙannenka a kan son itace, za su ce ka cika tsohon yayi. Lissafi za ka yi musu. Ku tambayi matan gidanku kwano nawa na kalwa ɗorawa ɗaya ke bayarwa, ku je kasuwar Giwa ranar Alhamis ko Lahadi ku ji kuɗin kwano, ku haɗa da garin ɗorawa da tsamiya da man kaɗe, ku buga sau shekara 10. Sannan ku ajiye kuɗin mai gawayi a gefe ku duba. Shi sau ɗaya zai biya. Kuma ka gaya musu kaɗanya sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, wanda ya sare ta yau ba shi zai ci ta madadinta ba.

Amma kafin komai, yau ɗin nan, ka je wajen mai unguwa da limami a ƙirga itatuwan ɗaya bayan ɗaya a rubuta, kowane magaji ya sa hannu, har mata, cewa ba mai sayarwa sai da yardar kowa. Kunya ce ta kashe ni. Da na yi haka a 2017 da yanzu ba wannan zancen nake ba. Kuma kar ka ce wane ba zai yi min haka ba. Ni ma haka na ce.

Inuwa kuwa ai ba sai an kayar da uwa ba. A rage rassan ƙasa da rani, a samu itacen girki, rana ta shiga. Gindin kuma a daina wahalar da masara, a sa barkono ko gwaza ko citta, suna son inuwa. Kurmin bakin rafi ko da wasa kar a taɓa, ka bar masa taku 10 ko fiye, ciyawar ma kar a sa mata maganin feshi. In za ka yi wa wake feshi ka bari sai yamma liƙis lokacin da zuma ta koma, kuma kar ka wanke tankin a rafi. In matsalar kuɗin taki ce ta gaske, gara ku ba da hayar wani ɓangare na shekara ɗaya. Ka kuma tuna musu hadisin nan na cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Mahaifinku na kwance ladan na isar masa, su za su yanke masa?

Ni abin da ya ɗan sanyaya min rai, wani mai sayar da albasa ɗan Maraɗi ne ya ba ni labarin sassaben zamani. Can tun wajen 1983 suka fara, in kututture ya yi toho ba a sare shi gaba ɗaya lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da haka Nijar ta dawo da itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5, ƙasar da ba ta kai mu ruwan sama ba. Na gwada. Kaɗanya biyu sun yi toho, ƙirya ɗaya ta fi ni tsawo yanzu. Ɗorawa kuwa daga kalwa na tayar, na jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, na shuka a leda, guda 12 na dasa, awaki suka ci 7 don na yi sakaci da shinge. Biyar na nan. Bana na rataya amya biyu a mangwaron maƙwabci da izininsa, ɗaya ta shiga. Kanyar dai ba ta tofo ba, a gindinta suka haƙa ramin gawayin.

In za ka je wajen mai unguwar kana son rakiya, ka yi min magana ta akwatin saƙo, Asabar ba ni da aiki. Ko kuma ka ɗauko ƙannen naka biyu mu haɗu a Dakace in kai su su ga kwazazzabon. Su taho da takalmin roba, wajen akwai ƙaya.